Barka da sallah daga Ohayo, ga kuma amsar tambayar Baba

Laraba, 1 ga Oktoba 2008

Assalamu alaikum warahmatullah. Baba, Inna, da duk wanda ke gida, barkanku da sallah, Allah ya karɓi azuminmu ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Auta kai nake turo wa tunda kai ne mai shiga kafe, ka sa a fitar maka da ita a takarda ka kai gida ka karanta a gaban kowa, kuma don Allah kar ka tsallake komai, musamman gaisuwar ƙarshe, in Gwaggo ba ta ji an ambace ta ba to kai da ita.

Mu yau muka yi idi. Wasu masallatan garin nan tun jiya Talata suka yi sun bi Saudiyya, namu yace sai yau, gari ɗaya sallah biyu. Hayar wani ƙaton zauren taro aka kama aka shimfiɗa dardumai, yawancin jama'ar Somaliyawa ne don suna da yawa sosai a Kolombus, sai Larabawa da ƴan Pakistan, mu ƴan Afirka ta Yamma kuma jefi-jefi. An cika maƙil, kabbara ta yi daɗi har tsigar jikina ta tashi, yaran nan sun yi kyau wallahi, ni ma atamfar da Yaya ta aiko na saka kuma ɗinkin ya zauna daidai. Amma ana sallamewa sai kowa ya hau duba agogo, wasu ko huɗuba ba su tsaya ba, aiki na jiransu, don nan ba hutun sallah, yara ma sai da na rubuta wa malamarsu takarda kafin su zauna a gida. Muka fito titi motoci na ta wucewa kamar kowace Laraba ba wanda ya san me muke ciki.

Inna, kabewa ce ta karya min zuciya a sallar nan. Wannan watan duk ƙofar kantin da kika je za ki ga an jibge kabewa tsibi-tsibi, manya jajaye, wata ma sai da hannu biyu za ki iya ɗaga ta. Yawancinsu ba don ci suke saya ba fa, ƙwaƙule cikinta suke yi su yanka mata ido da baki su kunna kyandir a ciki su ajiye a ƙofar gida, saboda wani bikinsu na ƙarshen Oktoba da yara ke shigar ban tsoro suna bin gida-gida ana ba su alewa. Biki na wucewa sai bola. Ni kuwa ina ganinta ba abin da ya faɗo min sai miyar taushe. Na sayi ƙarama jiya da daddare na fere, na samo ƙashin rago a shagon Somaliyawa, alayyahu akwai, gyaɗa akwai niƙaƙƙiya ta kwalba sai dai ki duba da kyau don galibi da sukari a ciki. Yakuwa ce babu, ko ganye ɗaya, sai lemon tsami na matsa a ƙarshe, kuma tsaminsa daban, a harshe yake tsayawa ba ya ratsa miyar. Daddawar da kika ƙulle min tun tsakiyar azumi ta ƙare. Na yi ta buɗe ledar ina shinshina.

Waina kuma tanda babu, wani kasko na samu mai ramuka a shagon Indiyawa, ramukan ƙanana ne wainar ta fito kamar ta wasan yara. Ƙullun ya tashi, a bilenda na markaɗa na sa yis, amma murhun lantarki ba ya ba ta gefen nan mai ɗan ƙuna da ƙamshin itace. Ina juyawa ina ganinki a tsugune gaban tanda tun bayan asuba, hayaƙi na shiga miki ido kina gogewa da gefen mayafi, tsinke a hannu, ki ɗiga mai ki zuba ƙullu ki juya na farko kafin na ƙarshe ya fara huda, ga langa-langa a jere kina faɗin wannan na gidan wane wannan na gidan wance, mu kuma muna rigimar wa zai kai gidan Hajiya Babba don ita ce mai barka da sallah mai tsoka. Kuma kwano bai taɓa dawowa wayam ba, a tafi da waina a dawo da tuwo ko dambu ko funkaso, kafin azahar abincin unguwa duka ya haɗu a tsakar gidanmu. Wannan zirga-zirgar ta kwano ita ce sallah a wurina. Na tsaya a kicin ni kaɗai hawaye na zuba ba zan ɓoye muku ba, sai da ƙaramar ta shigo da sabon takalminta tana tsalle wai in gani sannan na ware.

Duk da haka nace sai kwano ya fita daga gidana yau. Na zuba na kai wa maƙwabciyarmu, wata dattijuwar baturiya da ke zaune ita kaɗai. Ta yi murna sosai har ta rungume ni, abu na farko da ta tambaya shi ne ko da gyaɗa a ciki don jikanta in ya ci gyaɗa sai asibiti, nan haka ake yi kafin a ci abincin wani. Muka ɗan zauna, talabijin ɗinta a kunne ana ta tallan ƴan takarar shugaban ƙasa, tace min har yanzu ba ta san wa za ta zaɓa ba, ta zaɓi Bill Clinton a zamaninsa sannan ta zaɓi Bush, jam'iyyu biyu daban. To Baba irin wannan matar ake ta kokawa a kanta a ƙasar nan, ita ce ƴar tsakiya.

Baba a wayarmu ta ƙarshe kun tambaye ni wai da gaske yaron nan Obama ɗan Dimokurat zai iya kada dattijo McCain ɗan Rifablikan, kuka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, katin ya ƙare ban samu na ba ku amsa ba. Bari in fara da yadda abin yake. Nan ba yawan ƙuri'ar ƙasa gaba ɗaya ake dubawa ba, kowace jiha da adadin wakilanta, jimilla 538, wanda ya haɗa 270 shi ya ci. Jihohi da yawa tun kafin zaɓe an san inda za su faɗa, amma tamu Ohayo mai wakilai 20 ba ta da tabbas, a 2004 da ƙuri'a dubu 118 da ɗoriya kawai Bush ya ɗauke ta, kuma a tarihi ba ɗan Rifablikan da ya taɓa zama shugaban ƙasa ba tare da ya ci Ohayo ba. Shi ya sa muke shan talla dare da rana, a buga waya a ƙwanƙwasa ƙofa. Zaɓe sai 4 ga Nuwamba amma tun jiya aka buɗe wa mai son jefawa da wuri. Ni kuma tunda takardar zama ƴar ƙasa ta fito wannan ne karo na farko da zan jefa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai, amana ce.

Bayan idi mun taru a gidan wani Alhaji ɗan Nijar mai tuƙin babbar mota, kowa ya kawo abin da ya dafa, kafin a gama cin abinci gardama ta kaure har mu da ke kicin muka fito. Alhajin ra'ayinsa irin naku ne sak Baba. Yace McCain shekararsa 72, tun 1983 yake majalisa, an harbo jirginsa a Biyetnam a 1967 ya yi sama da shekara biyar a tsare ana azabtar da shi, aka ce za a sake shi da wuri saboda ubansa babban hafsan sojan ruwa ne yace a'a sai an saki waɗanda aka riga shi kamawa, har yau ba ya iya ɗaga hannayensa sama sosai. Yace kuma mutum ne da ba ya tsoron saɓa wa jam'iyyarsa, ya haɗa kai da ɗan Dimokurat Feingold suka yi dokar taƙaita kuɗin kamfe a 2002, a 2005 ya kawo dokar hana azabtar da fursunoni gwamnatin Bush ba ta so amma ta wuce da ƙuri'a 90 da 9, sannan shi da Ted Kennedy suka kawo ƙudirin da zai buɗe wa marasa takarda hanyar zama halal. Da ya faɗi wannan ɗakin ya yi tsit don kusan kowa a cikinmu yana da wani nasa da ke ɓoye-ɓoye. Obama kuwa, inji shi, sai Janairun 2005 ya shiga majalisar dattawa ko zango ɗaya bai gama ba, ta yaya za a damƙa masa ƙasa ana yaƙi biyu ga tattalin arziki na rushewa.

Sai wata Anti ƴar Kumasi, nas ce, ta ajiye cokali tace Alhaji duk na yarda, amma ranar da aka fi buƙatar gogewar nan ina ta shiga? A Oktoban 2002 da majalisar dattawa ta ba Bush izinin yaƙin Iraƙi, 77 suka ce e 23 suka ce a'a, McCain na cikin masu e, Hillary Clinton na ciki, manyan da suka shekara ashirin talatin suna karanta rahoton sirri da yawansu na ciki. Makaman da aka ce Saddam na da su ba a same su ba, sojan Amurka sama da 4,000 sun mutu, ƴan Iraƙi kuwa Allah kaɗai ya san adadi. Shi kuwa yaron da ake rainawa, gobe 2 ga wata shekara shida cif, ya tsaya a wani taro a Shikago yace ba kowane yaƙi yake ƙi ba amma wannan na wauta ne, ya kuma yi gargaɗin za a shiga mamayar da ba a san tsawonta ko kuɗinta ba. Wani ɗalibi mai karatun tarihi ya ƙara da cewa James Buchanan kafin ya hau mulki a 1857 ya yi ɗan majalisa ya yi sanata ya yi ministan harkokin waje ya yi jakada a Rasha da Ingila, amma a hannunsa ƙasar ta fara tsagewa yana kallo, wanda ya gaje shi Abraham Lincoln zango ɗaya tak ya yi a majalisar wakilai kuma shi ya riƙe ta a yaƙin basasa.

Abban yara bai bar su sun tafi da ita haka ba, yace a yi adalci, a 2002 Obama ɗan majalisar jiha ne ba shi da ƙuri'a a maganar, ba wanda zai ce ga abin da zai yi da yana cikin zauren ana matsa masa. Kuma wanda ya ɗauka mataimaki, Joe Biden, tun 1973 yake sanata kuma shi ma e yace a yaƙin, kenan shi kansa Obaman ya san yana buƙatar dattijo a gefensa. Sannan a 2007 da aka ƙara soja kusan 30,000 a Iraƙi McCain ya goyi baya lokacin da jama'a suka tsani maganar, Obama ya ƙi, kuma kashe-kashe sun ragu bayan nan. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya iya musa masa.

To ga nawa Baba, kuma ku yi min afuwa in na saɓa muku. Ni ban raina shekaru ba, a hannunku na tashi. Amma abin da shekaru ke gaya min shi ne mutum ya ga abubuwa da yawa, ba sa gaya min me ya yanke ranar da kowa ya ruɗe. Shi ya sa nake duba hukuncin da kowannensu ya yanke da hannunsa a shekarar nan ba wanda ya tilasta shi. Mafi girma shi ne zaɓen mataimaki. Mutum mai shekara 72 da ya yi fama da kansar fata, wanda kullum maganarsa gogewa gogewa, jaridu sun ce ransa na kan abokinsa Lieberman wanda shi ne ya yi wa Al Gore ɗan Dimokurat mataimaki a takarar 2000, da ya yi haka da ya nuna tsakiyar da ake yabonsa da ita. Amma ƴan jam'iyyarsa ba za su yarda ba, sai ya zo nan kusa da mu wajen Dayton ranar 29 ga Agusta ya gabatar da Sarah Palin, gwamnar Alaska da ba ta cika shekara biyu a kujera ba, kafin nan magajiyar wani ƙaramin gari ce. In wani abu ya same shi ita ce shugabar ƙasa. Gobe da daddare za ta yi muhawara da Biden zan zauna in saurara da zuciya ɗaya, amma hirarrakin da ta yi da ƴan jarida ba su kwantar min da hankali ba. Ƙudirin marasa takardar nan ma, a wata muhawara a Janairun bana aka tambaye shi ko zai jefa wa ƙudirin nasa ƙuri'a yanzu yace a'a. Rage harajin Bush da ya ƙi a 2001 da 2003 yau shi yake karewa. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai don mutumin kirki ne, amma McCain ɗin da Alhaji yake yabo ba shi nake gani a takarar nan ba.

Kar ku ce na wanke Obama tas. Shi ma yana samun tikiti ya fara matsawa tsakiya, dokar sauraren wayoyin mutane da yace zai tare ta in dai an yafe wa kamfanonin waya, a watan Yuli ya jefa mata ƙuri'a. Wanda ya fi yi min ciwo kuma shi ne na Detroit a watan Yuni, masu taya shi kamfe suka hana wasu mata biyu masu hijabi zama a bayansa don kar kyamara ta ɗauke su tare. Ya kira su da kansa ya ba su haƙuri, na yaba, amma ni da nake fita da hijabi kullum na san me aka gaya mana ranar. Ana ta yaɗa cewa shi musulmi ne a ɓoye saboda sunan Hussein da uba ɗan Kenya, alhali kirista ne, yana ta cewa ba haka ba ne, ni dai jira nake in ji ya tsaya da ƙarfi yace to in da musulmin ne ma laifi ne? Malamai na cewa mafi alherin lamura tsaka-tsakinsu, na yarda, in tsakiyar ita ce ka zauna da abokin hamayya ka ji hujjarsa ka karɓi gaskiyar da ke bakinsa. Amma akwai wadda tsoron rasa ƙuri'a ce kawai, kuma a wannan raunana irinmu ake fara turewa gefe.

Makon nan ma mun ga amfanin ta farkon. Tunda bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba hankalin kowa a tashe yake, a layinmu akwai gidajen da banki ya ƙwace an kulle. Gwamnati ta nemi dala biliyan 700 don ceto bankuna, shekaranjiya Litinin majalisar wakilai ta ƙi, 228 da 205, Rifablikan 133 da Dimokurat 95 suka haɗu a kan a'a kowa da dalilinsa, ranar kasuwar hannun jari ta faɗi da maki 777. Obama da McCain dukansu suna goyon baya duk da jama'a na fushi, kuma daren nan sanatoci za su jefa tasu. Ni ma abin na min ɗaci a ceci masu kuɗi a bar mai gida a titi, amma in bankuna suka rufe albashinmu ne zai fara tsayawa. Sai dai a nan ma na ga bambanci, ranar da Lehman ya faɗi McCain cewa yayi ginshiƙin tattalin arziki da ƙarfinsa, bayan kwana tara yace ya dakatar da kamfe a ɗage muhawara, bayan kwana biyu kuma ga shi a muhawarar. Yaron bai yi ta wannan tsalle-tsallen ba, ya tara masana yana saurare. To Obama zan jefa wa in sha Allahu, da ciwon Detroit ɗin a raina. Abban yara har yanzu yace bai gama shawara ba kuma ban matsa masa ba.

Gaisuwa. Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, a riƙa shan maganin hawan jinin nan a kan lokaci ba sai kai ya sara ba. Inna ki yafe min, ki ci gaba da sa mana albarka, ki rage zaman gaban wuta ki bar wa yara. Gwaggo, Gwaggona ta kaina, ina gaishe ki gaisuwa ta musamman, na san yau kin ɗaura ɗankwalin nan naki na sallah kin zauna a bakin ƙofa da ƙullin goro da canji kina raba wa yara kina tsokanar kowa, ƙaramar da ba ta taɓa ganinki ba ta iya waƙar da kike min ta reno don kullum da ita nake kwantar da ita, turaren da kika ba ni ranar tafiya har yanzu da saura ba na sa shi sai ranar idi, yau ma na sa, yaya ƙafar, an samu man zafin da na aiko ta hannun Kawu kuwa, in bai kawo ba ki faɗa wa Auta ya rubuto min, ki yi ta yi mana addu'a Allah ya sa mu gana. Yaya na gode da atamfa, ki shafa min kan ƴan biyu, ki ce wa babansu ina gaisuwa. Yaya Babba da iyalinsa. Kawu da mutan gidansa. Hajiya Babba a je takanas a gaishe min da ita kar a aika yaro. Amaryarmu da ban gani ba sai a hoto, barka da sallar farko a gidanmu, ki yi haƙuri da yawanmu. Ladi ƙawata ki ce mata fushi nake tunda ta haihu ba ta neme ni ba amma na yafe saboda sallah, a turo min hoton jaririn. Malam na makarantar allo, maƙwabta gabas da yamma, da masu taya Inna aiki. Auta ka dage da karatu, abin da ka roƙa yana nan zuwa in jarrabawa ta yi kyau. Wanda na manta ya yafe min.

Abban yara da yara suna gaida kowa. Zan sayi kati in kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku, a caja wayar a bar ta a hannun Inna. Baba ku shirya min amsa, ina so in ji ta bakinku a kan maganar mataimakiyar nan.

Taku ƴar,
Uwani